Kwana a Pera Palace na Santambul: amsoshin tambayoyin da kuke ta yi min

Tun da na dawo daga Turkiyya tambaya ɗaya nake amsawa sau goma, a shago a Balogun, a gidan suna a Agege, a waya cikin dare, har wata ƙawata ta tsare ni a goslon Third Mainland tun daga Adeniji har Oworo bata bar ni na huta ba. Shi yasa nace bari in zauna in tattara su wuri guda in amsa. Shekara goma sha ɗaya kenan ina zuwa Istanbul, ko Santambul kamar yadda kakata take cewa, sarin abaya da mayafai da kayan yara, kuma kullum a unguwar Laleli nake sauka, ɗaki ɗan ƙarami kusa da masu kago, in saya in ɗaure in tura in dawo. Wannan karon ne Abban su Ummi ya raka ni, yace tunda tun muna sabon aure kike maganar otal ɗin nan toh bana sai kin kwana a ciki. Dare ɗaya muka yi.

Wai menene Pera Palace ɗin nan, me ya raba shi da sauran manyan otal?

Jirgin ƙasa ne sanadinsa. A 1883 aka fara wani jirgi na masu hannu da shuni daga Faris ana kiransa Orient Express, zuwa 1889 ya fara shigowa har Istanbul kai tsaye. Toh mutanen da suka yi kwana uku a tarago mai kafet da labule ana yi musu hidima, in sun sauka a tashar Sirkeci ina za su kwana? Garin a lokacin bashi da masaukin da ya kai yadda suke so. Shine aka fara wannan ginin a 1892, aka yi bikin buɗewa a 1895, zamanin Sarki Abdulhamid na biyu na daular Usmaniyya. Wanda ya zana shi Alexandre Vallaury ne, haifaffen garin da yayi karatun gini a Faris.

In ka cire fadojin sarki, shine gini na farko a garin da ya samu wutar lantarki, ga ruwan zafi a famfo, ga lifta mai aiki da wuta wadda ita ce ta farko a Istanbul. Liftar tana nan har yau, ƙarfe ne baƙi da aka yi wa ado kamar zanen lalle, cikinta katako, har da ɗan benci na zama. Akwai kuma wata 'yar kujera mai rufi da ƙofa da sanduna gaba da baya da aka ajiye a ƙasa, irinta ake sa baƙo a ciki ƙarti su ɗauko shi su hawo tudu da shi. Na daɗe tsaye a gabanta wallahi, ina tunanin masu ɗaukar, don tudun nan ni da ƙafata ma sai da nayi haki.

Yana unguwar Beyoglu, yana kallon mashigin ruwan da suke kira Halic. An rufe shi wasu shekaru aka yi masa gyara sosai, aka sake buɗewa a 2010. Ɗakuna 115 ne duka, kinga kenan ba wani ƙaton otal bane, Eko Hotel ɗinmu ya ninka shi nesa ba kusa ba. Ba girma ake saya a wajen ba.

Hajiya da gaske a can aka rubuta littafin nan na kisan kai a jirgi?

Littafin shine Murder on the Orient Express na Agatha Christie, Baturiyar Ingila, ya fito a 1934. Labarin jirgin ne ya maƙale a dusar ƙanƙara cikin dare, gari ya waye an kashe mutum ɗaya a ɗakinsa, ba wanda ya shigo ba wanda ya fita, sai wani mai bincike ɗan Beljiyam Poirot ya zauna yana kiran fasinja ɗaya bayan ɗaya. Bazan faɗi ƙarshen ba, kar ma ku tambaye ni.

Abin da yake tabbas shine matar ta san jirgin ciki da waje. A 1928 ta fara hawansa tana kan hanyar Bagadaza, daga baya a 1930 ta auri Max Mallowan mai tonon kayan tarihi a Iraƙi da Siriya, sai hanyar ta zama tata kamar yadda Legas zuwa Kano ta zama tamu. A 1929 jirgin ya taɓa maƙalewa a ƙanƙara kwanaki a kusa da Istanbul, ita kanta a 1931 ambaliya ta tsare nata jirgin. Daga nan labarin ya samo tushe.

Maganar cewa a ɗaki mai lamba 411 ta rubuta shi, otal ɗin ne yake faɗa, kuma akwai otal ɗin Baron a Halab ta Siriya da shima ake cewa a can ta fara rubutun. Sannan ga abin da duk wanda ya karanta zai lura: a cikin littafin da Poirot ya iso Istanbul ba Pera Palace ya sauka ba, otal ɗin Tokatlian ya nufa, wanda yake kan titin Istiklal a wancan zamanin. Da na faɗa wa Abban su Ummi haka yace toh kenan mun yi asarar kuɗinmu? Nace a'a, ko ɗaya. Fasinjojin da ta zauna tana kallo har ta mayar da su mutanen littafi, a wannan falon suke shan shayi, wannan liftar suke hawa, wannan shine abin da naje gani kuma na gani.

Ba ita kaɗai bace ma. Ernest Hemingway marubucin Amurka yazo garin a 1922 yana ɗan jarida, kuma ya ambaci otal ɗin a wani gajeren labarinsa, Graham Greene ma ya sa shi a littafi. Akwai ɗakuna da aka sa wa sunayen irin waɗannan baƙin.

Naji ana maganar wani makulli da aka tono a ɗakin, meye gaskiyarsa?

A Disamba 1926 matar ta ɓace kwana 11, Ingila ta ɗauka, 'yan sanda da jama'a suka bazu nema, ƙarshe aka same ta a wani otal a garin Harrogate ta sauka da wani suna daban. Lokacin mahaifiyarta bata daɗe da rasuwa ba, mijinta na farko kuma ya nemi su rabu. Har ta mutu a 1976 bata yi bayanin kwanakin nan ba. A 1979 da aka yi fim akan ɓatan, aka samo wata bokanya a Amurka tace wai an nuna mata sirrin yana tare da wani makulli a ɗaki 411 na Pera Palace, aka je aka ɗaga katakon ƙasa aka ciro tsohon makulli.

Ni dai ban yarda da boka ba ko na Amurka ne ko na bayan gari, kuma ko da lissafi aka bi abin bai haɗu ba, ta ɓace a 1926 a Ingila, zuwanta Istanbul na farko 1928 ne. Abin da ya fi tsaya min a rai ba makullin bane, matar ce. Mace ta rasa uwa, miji ya juya mata baya, ta fita hayyacinta, bayan shekara biyu ta sayi tikiti ita kaɗai ta hau jirgi zuwa gabas ta sake sabuwar rayuwa. Mata nawa muka sani a Idi-Araba da Mile 12 da suka fara sana'a a irin wannan halin?

Dole ne sai na karanta littafin kafin in je?

Ba wanda zai tare ki a ƙofa, amma ni shawarata kar ki je baki karanta ba. Wannan ita ce maganar da nafi so ku riƙe a duk rubutun nan. Gadon wajen gado ne, ruwan wanka ruwa ne, in kwanciyar daɗi kawai kike so akwai sababbin otal a Istanbul da ɗakinsu ya fi faɗi a kuɗin da bai kai wannan ba. Abin da ake biya a irin wannan wajen tarihi ne, shi kuma tarihi ba'a ganinsa da ido kawai, sai da abin da kika zo da shi a kanki. Na ga wasu sun shigo sun ɗau hoto a gaban lifta, sun ɗau hoto a matakala, minti goma sun fice, nasan da an tambaye su wa ya taɓa tsayawa a nan ba za su iya cewa komai ba, naji tausayinsu don sun zo bakin rijiya ba guga.

Littafin ba shi da kauri, Turancinsa mai sauƙi ne, ni a sakandare na fara karanta shi a wani tsohon kwafi da bangon ya cire. A Legas ana samunsa a shagunan littafi na Ikoyi da Victoria Island (VI), har wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba in kin yi sa'a. In Turanci yana miki nauyi ki sa ɗiyarki ko ƙaninki su karanta miki suna fassarawa da daddare, babi ɗaya kullum, kamar yadda ake mana tatsuniya.

Ni littafi biyu na sa a jaka. Na biyun Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, don shima a 1934 ya fito, shekara ɗaya da na Baturiyar. Bayan isha'i na sauko falon da suke kira Kubbeli, wato mai ƙubba, kalmar ɗaya ce da tamu, ƙubbobi shida ne a sama masu 'yan ƙananan gilasai kamar an huda rariya, na zauna a kujera ja na buɗe daidai inda uwar Umar ta bi sahara neman ɗanta har Tarabulus. Sai na tuna ai Tarabulus ɗin a lokacin a ƙarƙashin sarkin garin nan da nake zaune take. Tsigar jikina ta tashi. Ma'aikacin da ya kawo min shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi ya leƙa shafin ya tambaye ni wane yare ne wannan, nace Hausa, nace kuma wanda ya rubuta shi ya zama firaministan ƙasarmu na farko. Ya ajiye tiren ya dafa ƙirji.

Ana iya kama ɗaki 411 ɗin a kwana a ciki?

Ana iyawa, ɗaki ne da ake bayarwa haya kamar saura, sai dai ya fi tsada kuma masu nemansa da yawa, sai kin kama tun da wuri. A ciki an ajiye littattafanta, da hotunanta a bango, da tafireta irin ta zamanin. Mu ba a ciki muka kwana ba, ɗaki na daidai muka kama mai taga ta ɓangaren ruwa, da safe na roƙi na risefshan ko zan iya leƙawa, da yake baƙon ciki ya tafi ba'a kai ga sa wani ba sai aka haɗa ni da wata ma'aikaciya ta buɗe min na 'yan mintoci. Ki roƙa cikin ladabi, in da mutum a ciki kuma kar ki ji haushi.

In za ki zaɓa ki nemi ɗakin da yake kallon Halic. Da magariba rana tana faɗuwa bayan hasumiyoyin masallatan tsohon gari, kiran sallah yana tasowa daga ko'ina wani yana shiga cikin wani, ban taɓa jin irinsa ba sai a Makka da Madina.

Nawa ne kuɗin?

Bazan rubuta lamba ba don kafin ki gama karantawa canji ya motsa, kuma farashin yana hawa yana sauka da lokaci. Abin da zan ce, dare ɗayan da muka yi ya ci kuɗin kwana huɗu zuwa biyar na inda na saba sauka a Laleli. Lokacin sanyi wajen Janairu da Fabrairu ya fi sauƙi, lokacin zafi da ƙarshen shekara ya fi tsada, tsakiyar mako kuma ya fi Asabar.

Ki kama ɗakin da kanki ta shafin otal ɗin na intanet ko wani shafi da aka sani, ki duba ko karin safe yana ciki, ki duba ko ana iya fasawa a dawo miki da kuɗi. Shekarun baya wani ejan a nan Legas ya karɓi kuɗina na kwana shida a wani otal, ya bani takarda mai tambari da komai, na isa da tsakar dare da akwatuna aka ce babu sunana, a kujerar risefshan na kwana. Tun daga ranar ko wa ya kama min ɗaki sai na kira wajen da kaina naji sunana daga bakinsu. Sannan katin naira kar ki dogara da shi, yau yayi gobe ya ƙi, ki riƙe katin dala ko ki tafi da kuɗi a hannu. Manyan otal suna riƙe wani abu a kati na ko-ta-kwana ranar shiga, su sake shi bayan kin fita, kar ki ga alat hankalinki ya tashi.

Anti ya maganar sallah da abinci, kuma ance akwai giya?

Akwai. Akwai mashaya a ƙasa da ake kira Orient Bar, tsohuwa ce tun zamanin jirgin, kuma ƙaramin firjin ɗaki ma akan sa kwalabe. Mu tun a waya muka ce a kwashe kafin mu iso, muka tarar da ruwa da lemo kawai. Mashayar ɗakinta daban, ba sai kin bi ta ciki ba.

Darduma ki tafi da taki ko ki tambaya a kawo miki. Alƙibla ce abin lura, mu a Legas mun saba fuskantar gabas da ɗan karkata arewa, a Istanbul kudu maso gabas ake kallo, ki duba a waya kar ki bi sabo. Masallacin Huseyin Aga yana kan titin Istiklal, da ƙafa ake zuwa, in kika gangara Karakoy kuma akwai Arap Camii, tsohon gini mai daɗin zama. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Abinci babu matsala sosai tunda ƙasar musulmi ce, amma a irin wannan wajen da ake girkin Turawa ki tambaya ko an sa giya a miya ko a kek, za su faɗa miki gaskiya. Karin safensu zaitun ne da cuku kala-kala da tumatir da kokwamba da zuma da ƙwai da wani burodi mai riɗi kamar zobe da suke kira simit. Ni dai yajina yana jaka.

Meye a ɗaki 101 da naga mutane suna layi?

Ɗakin Mustafa Kemal Ataturk ne, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya a 1923. Tun 1917 yake sauka a nan, a 1981 aka mayar da ɗakin gidan tarihi, akwai kayan sawarsa da littattafai da kyaututtuka, ana buɗewa a wasu sa'o'i. Nasan da yawanmu muna da magana akan mutumin tunda shi ya soke halifanci a 1924, nima ina da tawa. Amma na shiga, kuma abin da na tsaya ina tunani shine 1928, shekarar da ya hana rubuta Turkanci da harufan Larabci ya koma na boko, yau jikan Baturke baya iya karanta wasiƙar kakansa ko rubutun da ke kan kabarinsa. Mu ma ai a kusan wannan zamanin boko ya fara danne ajami, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Akwai takardun kakana na ajami a wata adaka a Kano, waƙoƙi ne da lissafin fatauci, a cikin jikokinsa sama da talatin mu uku ne kawai muke iya karantawa.

Daga Legas ya ake zuwa?

Sai da biza, kuma dokokinta suna canzawa, ki bincika kafin ki sayi tikiti. Turkish Airlines yana tashi daga Murtala Muhammed kai tsaye, tafiyar wajen awa bakwai. Sabon filin jirginsu yana da nisa da gari, ki ware awa guda ko fiye.

In daga Laleli za ki taho kamar mu, ki bar manyan kayanki wajen mai kago, ki ɗau ƙaramar jaka. Ki hau taram T1 da katin Istanbulkart, amma kar ki wuce Sirkeci, ki sauka ki shiga tsohuwar tashar, akwai ɗan gidan tarihin jirgi a ciki. Orient Express na ƙarshe da ya zo kai tsaye daga Faris a 1977 ne. Daga nan ki tsallaka gadar Galata da ƙafa ta gefen masu kamun kifi, ki shiga Tunel, ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da yake hawa tudun tun 1875, in kin fito sama 'yar tafiya ce kaɗan. Hanyar da baƙin wancan zamanin suke bi kenan, kuma in kika iso ta haka sai ƙofar ta yi miki wata ma'ana daban. Mai ciwon gwiwa ta hau metro M2 ta sauka a Sishane.

In bani da kuɗin kwana fa?

Ki je shan shayin la'asar a Kubbeli, ko ki zauna a shagon kek ɗinsu na ƙasa, ki sayi tikitin ɗaki 101. Rabin abin da na gani za ki gani. Ki sa kaya masu kyau, abayarki da mayafinki sun isa, ba wanda ya kalle ni sau biyu. In da sauran lokaci ki gangara Cukurcuma, akwai gidan tarihin da Orhan Pamuk, wanda ya ci kyautar Nobel a 2006, ya buɗe a 2012 da kayan mutanen da ke cikin littafinsa.

Tsohon gini haka baki ji tsoro ba?

Ko kaɗan. Nayi addu'o'ina na kwanta. Ginin ya ga abubuwa kam, a Maris 1941 lokacin yaƙin duniya bam ya tashi a ƙofar shiga daga cikin akwatunan jami'an Ingila da suka taso daga Bulgeriya, mutane suka mutu. Katakon ƙasa yana ɗan ƙara in ana tafiya, shi kenan.

Za a iya zuwa da yara?

Ana karɓarsu, amma ƙanana za su takura su takura ki, wajen shiru ne. Wadda ta kai sakandare tana son karatu, ita ce ya kamata a kai.

Yaya ki gafarce ni, wannan ba almubazzaranci bane?

Ƙanwata ce tayi min wannan kuma naji daɗi da ta faɗa a gabana. Ya danganta da halin mutum. Wanda ake bin sa bashi, ko kuɗin makarantar yara bai cika ba, ko jarinsa ne zai taɓa, kar ya je, ba inda otal ɗin zai gudu, ya shekara sama da 130 yana tsaye. Ni adashe nayi na wata goma na ware shi da wannan niyyar, bayan na fitar da zakka na sallami na gida. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ashobi da gwaggwaro da kwalliyar biki ɗaya a garin nan sau nawa suke cin abin da ya fi haka, a sa sau ɗaya a jefa a akwati? Kowa da abin da ransa yake so, ni nawa kenan tun ina 'yar shekara sha biyar.

Mu da ba ma fita waje, akwai irin wannan a Legas?

Wannan tambayar ita tafi min daɗi, don tun da na dawo nake kallon Ikko da wani ido daban. Federal Palace da ke kan titin Ahmadu Bello a VI an buɗe shi a 1960 don baƙin bikin 'yancin kai, kuma otal ɗin yana alfahari da cewa a ɗakin taronsa aka sa hannu a takardar 'yancin. Akwai gidan caca a harabar yanzu, ku sani tun kafin ku je, amma ana iya zama ta bakin ruwa a sha shayi. Toh wa ya karɓi 'yancin ranar 1 ga Oktoba 1960 a filin sukuwa da yanzu ake kira TBS, wato Tafawa Balewa Square? Marubucin Shaihu Umar. Littafin daga gasar rubutu ta 1933 ya fito, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. An mayar da shi fim a 1976, Adamu Halilu ya shirya, aka nuna shi a bikin al'adun baƙar fata na FESTAC 77 a garin nan, shekarar da aka buɗe Eko Hotel. Chinua Achebe ma yana aikin rediyo a Legas ya rubuta littafinsa na farko da ya fito a 1958.

Ku shiga titin Martins a Island, mu 'yan Balogun kullum muna wucewa. Nan ne otal ɗin Bristol yake a da, inda 'yan canjinmu suka yi suna. A 1947 otal ɗin ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda baƙar fata ne, alhali babban jami'i ne daga ofishin mulkin mallaka na Landan, garin ya ɗau zafi har gwamna Richards ya hana wariyar launi a wuraren jama'a. A kan titin dai akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, kuma Bey ɗin nan sarauta ce da Sarki Abdulhamid na Santambul ya ba Muhammad Shitta wanda ya gina shi, wato lokacin ana tsakiyar aikin Pera Palace. Shekara nawa ina sallar azahar a wajen ban haɗa wannan ba sai da naje na dawo.

Mai son kwana inda marubuta da mawaƙa suke taruwa a yau, akwai Bogobiri House a Ikoyi kan titin Maitama Sule, ƙarami ne ba na alfarma irin wancan ba, bango duk zane, sunan ma na unguwar Hausawa ne a Kalaba. Jazzhole mai littattafai yana kan titin Awolowo ba nisa. Freedom Park a Broad Street tsohon kurkukun Turawa ne da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, nan ake bikin littattafai na LABAF wajen Nuwamba.

Abin da yake ci min rai shine har yau ban shiga wani masauki a ƙasar nan na ga an rubuta a ƙofar ɗaki cewa wane marubuci ya kwana a nan ba, ba a Legas ba, ba a Kano ba, ba a Zariya ba inda Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce a 1936. Su ɗaki ɗaya suka riƙe da tafireta da hotuna duniya take zuwa.

Za ki koma?

In Allah ya kai mu, da Ummi, in ta gama jarrabawarta ta WAEC. Na riga na bata littafin, ta kai inda jirgin ya tsaya a ƙanƙara, jiya da daddare ta shigo ɗakina tana rantsuwa ta gano wanda yayi kisan. Ba shi bane, amma ban faɗa mata ba. Kafin nan ranar Asabar mai zuwa zan rufe shago da wuri in kai ta titin Martins mu yi la'asar a Shitta-Bey, daga nan mu taka zuwa TBS da Shaihu Umar a jaka. Wadda take so ta biyo mu ta same ni a shago kafin ƙarfe uku, ta sa takalmi mara tsini.